Gwaggona da Bakin Manaja

Gwaggona tela ce. Shekara talatin tana taka keke a ɗaki ɗaya, hawa na uku, tagarta na kallon bangon wani gida. Mijinta ya rasu tun ina rarrafe, 'yarta tilo kuma aure ya kai ta gari mai nisa. Abin da ya rage mata keken ɗinki ne da wata tsohuwar kyanwa da muke kira Manaja, don ba ta tsinana komai sai kwanciya a ƙarƙashin keke tana hararar masu kawo ɗinki.

Shekarar kyanwar nan goma sha bakwai. Bara bakinta ya fara lalacewa. Sai ta zo gaban kwano, ta ɗauki loma, ta saki da ƙara ta ruga bayan katifa. Yawu na dalala, warin bakin kuwa wallahi kamar an buɗe kwata. Gwaggo ta ce yanga ce, ta dinga sayo mata busasshen kifi mai ƙaya, ashe azaba take ƙara mata. Da na matsa muka kai ta wurin likitan dabbobi. Ya buɗe bakin ya ce turamen haƙoranta sun ruɓe, dasashi ya kumbura, muƙamuƙin ma ciwon ya fara ci. Na ce to a cire haƙoran mana. Ya ce tsohuwa irin wannan in aka yi mata allurar barci ba lallai ta farka ba. Sai dai magani, da abinci mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, sau shida a rana.

Daga ranar Gwaggo ta shiga kurkuku ba alƙali. Kasuwa a guje, dubiya a tsaye. Ta dama kifi, ta lakato da yatsa, ta miƙa mata ta gefen da ba ya ciwo. Daga hannun wani kuwa Manaja ba ta ko shinshinawa.

Ana haka aka bugo waya: an yi wa 'yarta tiyata an ciro jariri, ita kuma ko zama ba ta iyawa. Tafiyar yini guda ce a mota, mijin 'yar kuma asma gare shi, kyanwa ba ta shiga masa gida.

Na ce, "Gwaggo, 'yarki ce fa! Ki tafi. In kyanwar ta mutu ta mutu, ai ta ci zamaninta ta ci na jikokinta."

"Ke dai bakinki ba linzami. In tafi yunwa ta kashe ta tana kallon ƙofa?"

"To ni gunki ce? Zan ba ta."

"Ke? Da ko ruwan zafi kika dafa sai ya ƙone?"

Kwana uku ina fama, jakar Gwaggo na jingine a bakin ƙofa. Manaja ta yakushe ni, ta juya min ƙeya. Gwaggo kuwa waya a kunne, tana share hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Gobe, 'yar albarka, gobe ina hanya."

Rana ta huɗu haushi ya ishe ni, na faɗa kujerar Gwaggo na kama taka keken ba zare ba yadi, don dai in huce. Sai ga munafukar ta lallaɓo ta kwanta a ƙafata. Na saukar da yatsan da ke da sauran kifi, ta lashe. Na daina takawa, ta daina. Na taka, ta lasa. Ashe duk shekarun nan Gwaggo ba ta taɓa ba ta abinci a hannu ba sai tana kan aiki, ƙafa na takawa, hannu ɗaya a ƙasa.

Gwaggo ta daɗe tana kallonmu. Ta ce, "Au, ashe keken take bi, ba ni ba." Ranta bai so ba, na gani a fuskarta. Washegari da safe ta ɗauki jaka.

Sati biyu ta ce min. Yau wata na uku ke nan. Shagon gyaran gashin da nake aiki sun sa wata a kujerata, maƙwabta kuma na tambaya me nake ɗinkawa haka da ba a taɓa ganinsa. Jiya na bugo mata na ce, "Gwaggo, tsakani da Allah, yaushe za ki dawo?"

Ina jiyo kukan jariri, da muryar 'yarta tana kiranta ta zo ta ɗaga ta.

Ta ce, "Ki ɗiga wa keken mai, 'yar nan, kar ya tsaya mata."