Keken Ɗinki Mai Tsirkiya Goma

Shekara biyar na yi ina aiki a wani ofishin kago da ke unguwar Deira a Dubai. Aikina shi ne in duba kayan 'yan kasuwa, in rubuta sunan kowane abu a takarda kafin a loda shi a kwantena. Ofishin yana saman bene kusa da Al Rigga, amma ni yawanci a sito nake yini, can bayan gari, inda fanka ke juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Mai tuƙa motar ɗaga kaya a siton wani dattijo ne ɗan ƙasar Filifin, gajere, mai furfura a gira. Ya daɗe cikin 'yan Najeriya har ya koma kiran kowa Oga, har da kyanwar siton. Ya ɗaure wata 'yar sifika a jikin motar da igiyar roba, kuma daga safe har yamma ba abin da ke fitowa daga cikinta sai tsofaffin waƙoƙin rok na Amurka, irin na shekarun saba'in. Ni da kalangu da kukuma suka raina, hayaniya kawai nake ji, kamar ana faɗa a garejin kanikawa.

Wata rana cikin 2017 ina duba katan-katan na tukwane, sai wani sauti ya taso daga bayan muryar mawaƙin. Ba ya tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sauran kayan kiɗa. Zamewa yake yi, kamar ka karkata kasko man gyaɗa ya gangara. Ya hau, ya tsaya yana ɗan karkarwa, sannan ya sauko a hankali kamar wanda ya zo da magana a bakinsa ya fasa faɗa. Na ɗaga wa dattijon hannu ya tsayar da mota.

"Wannan goge ne?" na tambaye shi da Turancin sito, ina kwatanta masa goge da hannu.

"Jita ce, Oga. Fedal-sitil. A kwance ake kaɗa ta. Da hannu biyu, da ƙafa, da gwiwa."

"Hanci fa? Ba a sa shi?"

Ya ga ban yarda ba, sai ya ciro waya ya nuna min. Wani Bature ne mai tumbi zaune a gaban wani abu kamar ƙaramin tebur, kansa a sunkuye, fuskarsa ba yabo ba fallasa, sai ka ce fom ɗin biza yake cikewa. Hannun hagu yana jan wani guntun ƙarfe a kan tsirkiya, na dama yana tsinkarta, ƙafarsa tana taka wasu fedoji a ƙasa. Kuma wannan kuka mai narkar da zuciya daga gaban mutumin nan yake fitowa.

Daga ranar na kamu. Dattijon ya tura min waƙoƙi, na riƙa ji a jirgin metro safe da yamma. Ban damu da mawaƙan ba, rabin abin da suke faɗa ma ba na ganewa. Jira kawai nake mutumina ya shigo. Na lura ba ya gasa da kowa. Sai mawaƙi ya tsaya jan numfashi yake shigowa ya amsa masa, kamar ɗan amshi mai ladabi, sannan ya ja da baya. A wata waƙar sau uku kacal zai leƙo, a wata kuma an binne shi ƙarƙashin ganguna sai ka kasa kunne sosai za ka ji shi yana nishi. Na taɓa sa wa abokin zamana a filat abin a kunne, ya saurara tsakani da Allah, ya cire ya ce, "Mai wannan abin yunwa yake ji." Ban ƙara nuna wa kowa ba. Haka na yi shekara biyu, ban taɓa ganin jitar ido da ido ba.

A 2019 wata kwastomarmu ta zo daga Kano. Hajiya ce mai kimanin shekara sittin, wadda ta yi shekara talatin tana ɗinki kafin ta koma sarin kekunan ɗinki 'yan gwanjo. A wannan zuwan ta sayi kayan wani ɗakin ajiya a Sharja dunƙule guda, ba tare da ta buɗe komai ba. Da azahar motar ta iso sito, aka fara saukewa, ni ina rubutawa, ita tana zaune a kujerar roba tana fifita da kwali. Keke, keke, keke, kan keke ba ƙafa, ƙafa ba kai. Sai aka sauko da wani abu lulluɓe da bargo. Da aka yaye, biro ya faɗi daga hannuna.

Ƙafa huɗu na ƙarfe. Fedoji uku a ƙasa. Wasu maratayai na gwiwa suna reto. Tsirkiya goma a miƙe a sama, sun yi ƙura.

"Masha Allah," in ji Hajiya. "Keken surfani. Irin na kamfani."

"Hajiya, wannan ba keke ba ne. Abin kiɗa ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake taka keke. Ga mataki, ga wurin gwiwa na ɗaga ƙafar allura, ga inda zare ke bi har layi goma. Kan keken ne kawai aka cire."

Na rantse, na maimaita, na nuna mata hoto a waya. Ta ce ai Bature ko a kan tukunya ka ajiye shi zai yi hoto. Nan take ta kira telanta na Al Buteen, wani ɗan Pakistan da ke duba mata kekuna, ta ce ya hau tasi ya zo. Ya iso da tef a wuya, ya zagaya abin sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ga sanduna da sufirin birjik. Ya zauna ya taka feda ɗaya, ya jira wani abu ya juya. Ba abin da ya juya. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce keke ne, na Jamus, amma bel ɗinsa ya ɓata, kuma yana da wanda zai samo.

"Ka ji ko?" in ji Hajiya. "Amma tunda ka nace, bismillah. Kaɗa mu ji."

Sai a lokacin na tuna ban taɓa riƙe ko gurmi ba. Shekara biyu ina saurare har na ɗauka na iya. Na ja kujera na zauna, ma'aikatan sito suka bar aiki suka kewaye ni. Na tsinki tsirkiya ɗaya. Ta yi wani ɗan ƙara kamar sauro ya wuce.

Hajiya ta ce, "Ko zaren lilo ka ja zai yi haka."

Dattijon Filifin ne ya cece ni. Ya sauko daga motarsa yana faɗin sai an haɗa da lantarki, ya ruga ɗakinsu da ke bayan siton ya turo wata ƙatuwar sifika mai taya, wadda shi da 'yan ƙasarsu ke rera waƙa da ita ranar Juma'a. Ya jona waya. Ya ɗauki kusan rabin awa yana murɗa maɓallan tsirkiyar yana duba wayarsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Guntun ƙarfen da ake ja a kai kuwa babu shi, mun zazzage bargon ba mu gani ba. Hajiya ta gaji da jira, ta buɗe jaka ta miƙo min kwalbar turarenta, doguwa mai santsi.

"Ungo. Kada ka fasa min."

Na ɗora kwalbar, na tsinka, na ja. Abin da ya fito daga sifikar nan, ban san da me zan kwatanta shi ba. Kamar an taka wutsiyar akuya a cikin rijiya. Kyanwar siton ta haye saman katan. Telan ya toshe kunne da hannu biyu. Na sake gwadawa, wannan karon na taka feda, ƙafata ta zame ta danne biyu tare, gwiwata ta bugi maratayi, sautin ya karkace ya nufi wani gari daban. Wani ɗan dako ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ƙafata take kallo.

"Wa ya koya maka taka abu haka? Kamar mai kashe kunama. Matsa."

Ta tuɓe takalmi, ta gyara mayafi, ta zauna a kujerar. Ta ce ita sama ba ruwanta, mu ji da shi. Na tsaya ta hagunta riƙe da kwalba, dattijon ya tsaya ta dama yana tsinkar tsirkiya uku da farcensa. Mu uku a kan abin da Bature ɗaya ke kaɗawa yana gyangyaɗi. Ta ɗora tafin ƙafarta a kan fedoji biyu, ta gwada nauyinsu kamar mai taya tumatir, sannan ta ce, "Yalla, mu je."

Dattijon ya tsinka. Ni ban motsa kwalbar ba don tsoro. Hajiya ta danna a hankali, diddige a ƙasa, yatsu na sauka kaɗan-kaɗan. Sai sautin ya buɗe ya hau da kansa, ba wanda ya taɓa komai a sama. Shi ne. Shi ne wanda nake bi a metro shekara biyu. Ta riƙe shi, sannan ta sassauta ƙafa ya dawo gida lafiya.

"Sake," in ji ta.

Muka sake. Sau bakwai ko takwas muka yi, abu ɗaya tak, don shi kaɗai muka iya. A na ƙarshe na yi ƙarfin hali na ja kwalbar gaba, akuyar ta dawo, Hajiya ta buge min hannu.

Telan dai bai sauka daga bakansa ba. Yana shiga tasi yana cewa in an sa bel za a ga bambanci.

Na roƙi Hajiya ta sayar min. Ta ce sam, abin da ya shigo cikin rabonta ba ya fita. Saura rubutu a takarda. Na ce zan sa kayan kiɗa, ta dafe ƙirji.

"Ni? A ji a Kano na yi odar kayan kiɗa daga Dubai? Da wane ido zan kalli surukaina? Rubuta keke."

Na ce ba zan rubuta ƙarya a takardar kwastan ba. Muka yi ta ja har la'asar. Daga ƙarshe dattijon ya ce, "Oga, ba tebur ba ne?" Muka duba, ƙafa huɗu da sama shimfiɗaɗɗe. Na rubuta tebur, guda ɗaya. Aka naɗe shi da bargonsa aka tura cikin kwantena tsakanin kekuna.

Ban ƙara ganinsa ba. Da korona ta zo aka kulle mu a filat, sai ga saƙon murya daga Hajiya. Ta ce teburin yana ɗakinta, ta rufe shi da leshi, duk wanda ya tambaya ce masa take injin awon zinare ne. Sannan ta yi gyaran murya ta ce, waƙoƙin nan da nake ji, in yanko mata wurin da abin ke kuka kawai in turo, ban da ihun mazan. Na zauna na yi ta yanka, gutsure-gutsure, ina turawa kullum ɗaya. Takan saurara ta aiko da hukunci. Wani ta ce yana da natsuwa, an ga alamar ya sha wuya kafin ya iya. Wani ta ce ƙawa ta yi masa yawa. Akwai wanda na fi so duk a cikinsu, na ɓoye shi sai da na tara mata kusan ashirin sannan na tura, na kwana biyu ina jiran amsa.

"Ɗana, wannan na shekaranjiya," in ji ta, ana jin ƙarar cokali a kofi, "hannunsa da kyau, ba laifi. Amma ƙafarsa akwai garaje. Da a shagona yake, allura uku zai karya min kafin azahar."