Emenike, Mai Kallon Ƙasa Daga Sama

A Dogarawa aka haifi Emenike, nan aka binne cibiyarsa. Uwarsa Ukachi tana sayar da kayan wuta a unguwar PZ ta Zariya, kuma duk wanda ya ji shi yana zuba Zazzaganci ba zai ce ba Bahaushe ba ne. Tun yana makaranta a Samaru, in ƙananan jiragen koyon tuƙi suka gitta sai ya saki baki yana bin su da ido. Da ya girma ya shiga sojan sama, aka tura shi sashen leƙen asiri, masu aika jirgi maras matuƙi.

Sashen nan da daɗewa yake. Tsofaffinsa sun ce da can hoto ake ɗaukowa daga jirgi, a wanke, a zauna ana dubawa. Yanzu kuwa kana zaune a ɗaki mai sanyi, daji na motsi a gabanka a allo. Aikinsu ɗaya ne: su gani da kyau kafin a saki wuta. Abin da suke koya wa kowane sabon shiga ke nan. To, ku ji yadda aka gani da kyau.

Wata safiya da damina, Emenike ya hango babura sun yi jerin gwano suna fita daga wani ƙauye yamma da Zariya, kowane da mutum biyu, kowa da dogon abu rataye a kafaɗa. Suka taru a bakin daji. Ogansa ya leƙo ya ce, "Bindigogi ne?" Emenike ɗan birni ne, bai taɓa zuwa gayya ba, bai san haka manoma ke rataya garma in za su taya wani huɗa ba. Ya ce bindigogi ne.

Aka saki wuta.

Washegari aka tura shi cikin masu zuwa duba wurin. Wallahi abin ba ya faɗuwa. Gona ta koma rami. Ga ƙafar mutum da takalmin roba a maƙale a reshen ɗorawa. Ga tukwanen tuwon da mata suka kawo sun tarwatse, miya ta cakuɗe da jini, ƙudaje sun rufe. Makaɗin gayya yana kife a kan gangarsa, rabin kansa babu. Ko'ina garma ce, wata har yanzu da hannu riƙe da ƙotarta. Bindiga kuwa ko ta harbin zabo ba a samu ba.

Maimakon a ce wa mutane sannu, sai aka bi waɗanda suka tsira aka ɗaure su tamau da igiyar shanu, wai ragowar 'yan bindiga ne. Wani da hanjinsa ke leƙowa ma sai da aka taka masa wuya aka ɗaure.

Wata dattijuwa, Zubaidatu, wadda gonarta aka zo huɗa, ta taso da taɓarya. Emenike ne kusa da ita.

"Wa ya ce 'yan bindiga ne? Wane la'ananne ne?"

"Ni ne, Iya," in ji shi da Hausa.

Ta sauke masa taɓarya a baki, haƙora suka zubo da jini. Sojoji suka ɗana bindigogi, shi kuma ya tare gabanta yana tofar da jini, ya hana a harbe ta.

Aka kwaso ɗaurarrun aka kulle, aka ce kwamitin bincike zai zo. Oga ya kira Emenike gefe.

"Kai Inyamuri, mene ne naka a ciki? Danginka ne? Ka ce ka ga bindiga, shi ke nan. In ka ce garma, kai ne ka kashe su, ka sani."

"Na sani, Oga. To waɗanda ke kulle fa?"

"Kai ne alƙalinsu?"

Da ya ƙi, suka jefa shi gadirum. Don Allah ku duba, mutumin da bakinsa bai warke ba! Suka rataye shi da hannuwa, suka yi ta zabga masa wayar wuta har bayansa ya dare. Wani kofur ya ɗirka masa gindin bindiga a kunnen hagu, tun ranar bai ƙara ji da shi ba.

Ukachi ta rufe shago ta je ta durƙusa masa tana kuka. "Ɗana, ka faɗi abin da suke so. Kai kaɗai gare ni." Shi kuwa baki ya kumbura.

Ranar da kwamiti ya zauna, da ƙyar aka fahimci maganarsa, sai da ya maimaita. Ya ce garma ce, shi ya gani, shi ya kira ta bindiga, kuma mutanen da ke kulle manoma ne.

Aka sake su. Ba duka ba, don mai raunin cikin nan ya riga ya cika a ɗaure. Shi kuma Emenike aka tuɓe masa kaki, aka kore shi ba ko sisi, duk laifin aka jibga masa shi kaɗai. Ogan yana nan daram a kujerarsa.

Yau in kun bi ta PZ za ku same shi a shagon uwarsa yana miƙa wa mutane ƙwan lantarki. Ku yi masa magana ta dama.