Muryar Yaya Saratu a Bayan Labule

Bana shekara uku ke nan da rasuwar yayata Saratu. A makon jiya na shiga ɗakin taron makarantarmu, inda ake shirin wasan kwaikwayo na waƙe da ake yi duk ƙarshen shekara. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne gwangwanin baƙar hoda a gefen madubi. Na gane shi, har lanƙwasar murfinsa tana nan.

Wasan da Yaya ta yi ne aka maido. Labarin wata baƙar baiwa ce da ta so wani farin soja, ta mutu kafin a sauke labule. Yaya ta sha kallon irinsa a waya, a ɗakinmu na unguwar Mu'aither, nan ƙasar waje da muke zaune, idan Mama ta tafi aiki asibiti. Takan ce, "Ki lura da kyau, ƙanwata. Duk baƙar da ta so fari sai an kashe ta, don masu kallo su yi kuka su tafi gida hankali kwance."

Duk da haka ta nemi a bar ta ta fito a matsayin baiwar, domin babu mai muryarta a makarantar. Malamar kiɗa ta yaba, sannan ta ce wasu iyaye ba za su ji daɗin ganin farin yaron da zai fito a matsayin sojan ya riƙe hannunta ba. Sai aka shafa wa wata farar yarinya hodar, tana motsa baki, Yaya kuwa tana rerawa a bayan labule. Ina layin gefe, ina hango takalmanta ta ƙarƙashin labulen. Da aka yi tafi, ba su motsa ba.

A mota ta yi dariya. "Baƙin da sabulu ke wankewa, shi kaɗai aka yarda a so. Khalas, magana ta ƙare." Ba ta ƙara zancen ba, har ciwon sikila ya ɗauke ta.

Me za ta ce da ta ga bana? An sake labule, an ƙaro fitilu, an samo wata yarinyar da za a shafa wa hodar. Murya ce ba a samu ba. Don haka aka kunna tata, wadda aka naɗa a wancan lokacin. Na ji numfashin da take ja kafin ta ɗaga murya, kamar yadda take yi a coci. Waɗanda ke wurin babu wanda ya san ko ta wace ce. Abin da ya rage na Yaya ke nan: murya a bakin wata.

Ni ba mai magana ba ce a cikin mutane. Na jira kowa ya watse, na sami Malama tana tattara takardu.

Na ce, "Malama, in za ku sa muryarta, don Allah kada kowa ya tsaya a dandamali. Waƙa ɗayar nan kawai, ku bar wurin babu kowa."