Mai Sito Ya Kira da Baƙuwar Lamba

Lokacin da yaƙi ya iso birnin Madani, ma'aikatan kamfaninmu na irin shuka suka watse, amma aiki bai tsaya ba. Takardunmu duk suna gajimare, wato ajiye a intanet, ba a kwamfutocin ofis da aka kwashe ba. Ni ce mai buɗe wa kowane ma'aikaci hisabinsa, wato asusunsa na shiga tsarin kamfani, in ba shi izinin abin da ya shafi aikinsa kawai, in rufe idan ya bar mu. Da wannan aikin na koma gidan babana, a ƙauyenmu kusa da Abu Na'ama.

Shabaka, wato sabis ɗin intanet, ba ta kai wa gida. Kullum da hantsi sai in hau karo, wato amalanken jaki, zuwa kasuwa, inda wani mai shago ya kafa faifan intanet bisa rufin kwano. Nan nake zama a benci, kwamfuta a cinya, tsakanin mata masu neman 'ya'yansu a waya.

Tsarinmu shi ne kalmar sirri kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da lambar da ake turo wa mutum a wayarsa. Da lafiya lau wannan bai taɓa damun kowa ba. Yanzu kuwa wayoyi ake ƙwacewa a shingayen hanya. Akwai ranar da wani ya rubuto mini da wayar akawunmu, da hotonta da komai, yana neman in sauya mata kalmar sirri. Tun daga nan mudir, shugaban kamfanin, ya yanke cewa ba wanda zan sake buɗe wa sai na ga fuskarsa a bidiyo, ko wani ma'aikacinmu ya gan shi ido da ido.

Gab da damina wata baƙuwar lamba ta kira ni. Mai sitonmu ne, dattijo sa'an babana, ɗan wajen Dinder. A ofis Larabci muke yi, amma ran nan sai ya fara da Hausa.

"Ɗiyata, sun amshe min waya a hanya. Wagga ta maƙwabci ce. Buɗe min, manoma na jiran irin dawa, kuma ba ni iya fidda buhu ko guda sai na shiga."

"Baba, wayar tana da kyamara?"

"Ƙarama ce, mai maɓallai."

"To sai wani namu ya gan ka tukuna."

Ina jin kukan awaki a bayansa.

"Ba ki gane muryata ba?"

"Na gane, Baba."

"To mi ya rage?"

Na ce ya yi haƙuri. Da ya kashe, na duba tsohon hisabinsa, na tarar da safiyar ranar an gwada shiga daga wayar da aka ƙwace. Na cire wayar daga tsarin, na kulle hisabin gaba ɗaya.

Wanda ya fi kusa da shi direbanmu ne, yana Sinja. Na roƙe shi ya je. Da farko babu mai, da aka samu mai kuma ruwa ya sauka, hanya ta zama laka. Dattijon yana kirana kusan kullum. Ba ya faɗa, gaisuwa kawai yake yi, ya tambayi babana, ya ce wasu manoman sun gaji sun shuka tsohon irinsu. Na kai ga in na ga lambar sai in ɗan daɗe kafin in ɗauka.

Daga baya direban ya isa a kan tarakta. Ya kira ni da bidiyo, ya juya wayar. Ga dattijon zaune a ƙofar sito, ya rame, rawaninsa ya yi ƙasa-ƙasa. Ya samu wata tsohuwar waya mai taɓawa wurin surukinsa. Na yi mata rajista, na bi da shi mataki-mataki har lambar ta shigo.

"Na shiga," ya ce. "Allah shi yi albarka."

Kafin in rufe kwamfutar wani saƙo ya shigo daga Damazin, wata ma'aikaciyarmu ce, ita ma da sabuwar lamba. Cajina ya kusa ƙarewa, mai karo kuma yana jirana a rana. Na rubuta mata cewa sai gobe.