Ƙwaryar da Ke Ɗigar Ja

A gidanmu na Didaure, cikin Sokode, Kaka Azumi ce mai tatsuniya. Gidan mahauta ne, don haka bayan magariba a bakin murhun da take soya kitse muke taruwa, kunne na wurinta, ido na kan kasko. Zamanin Faransa ne. Kumandan ya ce kowace unguwa ta kawo yara lakwal, wato makarantar boko, Baba kuwa ba ya iya rabuwa da 'ya'yansa maza, su ke riƙe masa ƙafar sa a mayanka. Sai ya miƙa mu biyu, ni da yayata Mero. Mero ta fi kowa kai a ajinsu, har malaminsu, wanda muke kira Mushe, ya ce zai tura ta Lome koyon unguwarzoma.

Akwai wata tatsuniya da Kaka ba ta taɓa ƙarasa mana ba. Wata yarinya ce uwarta ta ɗora mata ƙwarya rufe da faifai, ta aike ta ƙetaren kogi. Tana cikin tafiya sai ƙwaryar ta fara ɗigar wani abu ja, ya ɓata mata zane. Ta ɗauka ita ta fasa ƙwaryar, ta kasa gaba ta kasa baya. A bakin ruwa ta iske wata tsohuwa na wanki. Tsohuwar ta dubi zanen, ta ce, "Sauke kayanki, 'yata, zauna in gaya miki."

Nan Kaka ke tsayawa. "Ƙanana, a tashi. Sauran na masu ƙirgen dangi ne." Mu fice muna gunaguni, manyan 'yan matan gidan su matsa kusa da ita. A can ne take faɗa musu al'adar mata, da yadda ciki ke shiga, da irin namijin da ake gudu. Wannan sai daga baya na sani.

Wata rana Mero ta dawo da fariya. "Kaka, a ajinmu akwai hoton mutum an feɗe shi. Ga huhu, ga hanta, ga hanji."

Kaka matar mahauci ce, ta san ciki. Ta ce, "Har saifa?"

"Har saifa."

Ta juya kitsenta, ta ce, "To, ashe Nasara sun riga ni."

Abin da Mero ba ta faɗa ba, don ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne Mushe ya rufe hoton da ƙyalle daga cibiya zuwa ƙasa. Mutumin kudu ne, yana tsoron dattawan Zongo, wato unguwarmu ta Musulmi, su kwashe 'ya'yansu. In an tambaye shi sai ya ce wannan a gida ake koya.

Da lokacin Mero ya yi, Kaka ta kore ta tare da mu. "'Yan lakwal sun sani. Kada in yi abin kunya a gabansu." Ba mugunta ba ce, gani take iliminta ya tsufa.

Daminar nan Mero ta ga jini. Wata 'yar ajinsu ta taɓa raɗa mata cewa duk wadda ta zauna a benci da ɗumin namiji ta yi ciki, jini kuma shi ne alamar. Benci ɗaya suke zama da maza. Sai ta ƙi lakwal. Aka yi lallashi, aka yi duka, ta ƙi faɗin dalili. Baba ya gaji, ya sa ta a motar kaya zuwa Dapango, wurin Gwaggo mai koko. A can ta zauna tana jiran ciki ya fito, har ranar da Gwaggo ta tsinci tsummokaran da take ɓoyewa. Kafin koko ya gama dahuwa ta bayyana mata komai. Amma a Sokode an riga an ba wani gurbinta a lakwal.

Ban ji wannan ba sai da muka yi furfura. Na kai mata ziyara Dapango, tana damun kokon da ta gada, ta ba ni labarin tana dariya. Ni raina ne ya ɓaci, har yau kuma bai huce ba. In na ji ana gardama ko makaranta ce za ta koya wa yara wannan ko gida, ba na ɗaukar ɓangare. Cewa nake wanda ya sa ƙyallen ya taka ya gaya wa mai tatsuniyar ya sa, ko kuma ya cire.

Da zan tafi Mero ta rako ni bakin mota. Ta ce, "Ke da kika gama lakwal, me tsohuwar nan ta bakin ruwa ta gaya wa yarinyar?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Ni ma korata aka yi."