Turmin da Aka Bar Mini Jingina

Da na gama ɗan gidan da na gina a unguwar Takur ta Dutse don haya, ba abin da nake alfahari da shi kamar tsakar gidan. Na sa an malale ta da siminti tun daga bakin zaure har bakin makewayi, ban bar ko tafin hannu na ƙasa ba. Simintin da na sayo bai isa ba, sai na sa aka ƙara yashi, na ja bakina na yi shiru.

Wanda ya fara shiga wani malamin firamare ne, mutumin Aujara, da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, wadda duk layin ke kira Inna. Ranar da ya karɓi makulli ya ba ni kuɗin ajiya, irin wanda mai gida kan riƙe ko da mai haya zai ɓata wani abu. In ya tashi lafiya, a mayar masa.

Inna ba ta yarda da garin inji ba. Da turminta ta zo, baƙi wuluk, na itacen ƙirya, wanda ta ce da shi aka kai ta ɗakin miji. Kullum da hantsi sai ka ji dakan geronta daga bakin titi. Ni kuwa ina harkar hatsi tsakanin Ringim da Dutse, in na dawo sai in biya ta gidan da sunan duba famfo.

"Famfon nan naka ba ya lalacewa sai an dama fura," in ji Inna. "Zauna, ɗan nan, kada ka faɗi da yunwa a ce mu ne."

Haka muka yi shekaru. Sai aka yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa garinsu, na je duba gida kafin su tashi. Fenti ya koɗe a bakin ƙofa inda yara ke dafawa, ƙyauren ɗaki ya ɗan saki. Waɗannan duk na kau da kai, na san aikin zama ne. Amma da aka kawar da turmi sai ga siminti ya lotsa kamar kwano, tsaga ta tafi har bakin kwata.

"Malam, wannan kam ba tsufa ba ne, ɓarna ce," na ce.

"Alhaji, daka ne fa. Ina za ta kai turmin? Ko'ina siminti ne."

"Ni gida na ba da haya, ba masussuka ba."

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na san da kuɗin nan yake shirin ɗaukar motar da za ta kwashe musu kaya, don shi da bakinsa ya gaya mini. Duk da haka na ce zan riƙe su in yi gyara.

Ranar tashi na zo karɓar makulli. Ashe Malam ya ranto kuɗin mota wurin wani abokin aikinsa. An ɗora komai a bayan a-kori-kura, har da murhu, amma turmi na nan zaune a tsakar gida, an jingina masa taɓarya. Inna tana gaban mota kusa da direba. Ta yafito ni da hannu.

"Ga mai laifin can na bar maka. Ɗana bai taɓa riƙe taɓarya ba tunda na haife shi. Ka tsare wancan har ya biya ka."

"Haba Inna, ai ba a yi haka ba."

"An yi. Sai dai ka kula da shi, ba ya son rana, tsagewa yake. Ka gai da mutanen gida."

Direba ya ƙunshe dariyarsa, ya ja mota.

Na kai turmi gida. Mai ɗakina ta zagaya shi, ta ji labari, ta ce, "Kai da ka sha rabin furar, ai da kai aka fasa simintin." Ta kuma ƙi daka a cikinsa, ta ce ita ba ta taɓa kayan jingina. Ya zauna a zaurena, duk baƙon da ya shigo sai ya shafa shi ya ce wannan turmin na da ne, ina na samo? Ni kuwa sai in kawar da zancen.

A zauren nan na yi wa kaina hisabi. Da ƙofa aka ɓalla da fushi, ko aka fasa gilashi, da na yi gaskiya. Amma na ba iyali gida, na san za su ci, na san da me ake yin abincin, na hana su ƙasa, na kuma san abin da na zuba a cikin simintin. Daga baya na ɗora wa tsohuwa laifin.

Wata Juma'a na sa turmin a bayan mota na kama hanyar Aujara. Na sami Malam a ƙofar gida na miƙa masa kuɗinsa, na roƙi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Shi ya gaya mini tun dawowarsu Inna maƙwabta take bi da ƙwaryar geronta tana aron turmi, ta hana a saya mata sabo. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ta fito tana dogara sanda. Ba ta dube ni ba sai da ta leƙa cikin turmin, ta ƙwanƙwasa gefensa.

"Ya rame a hannunka. Ba ka ba shi komai?"

"Inna, ki yafe mini."

"Na yafe tun muna hanya. Ɗauko shi ka kai mini gindin darbejiyar can, bayana ba ya son nauyi."

Malam ya yunƙura zai kama mini, ta ce ya bari. Na naɗe babbar rigata, na rungumi turmin, ina tafe ina nishi, tana biye da ni tana cewa in yi a hankali kada in fasa mata ƙasa.