Bututu na Shida

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina cikin raba magani a ɗakin jinya na gidan yari, babban gandiroba ya leƙo ta taga, ya cire hularsa, ya ce Allah ya yi wa Baba Mai Gora rasuwa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Shekara goma sha tara ina aikin jinya a gidan nan, na ga mutuwa iri-iri, amma ran nan sai da na nemi kujera. Kuma bari in faɗi gaskiya, Baba: bayan hawaye, abin da ya fara zo mini ajiyar zuciya ce. Na gode wa Allah da ya ara maka kwanakin da ka ƙarasa aikinka.

Shekara talatin da ɗaya kana gyaran famfo da kula da sokawe, wato babban ramin da bahayar gidan nan gaba ɗaya take zuba a ciki. Sunanka na yanka ma mun manta da shi, saboda doguwar gorar nan taka mai tsage-tsage. Kullum safiya za ka ture murfin siminti, ka zura ta, ka zaro, ka ƙura wa tsagar ido kamar likita da ma'aunin zafi. Sai kuma ka zo ka jingine ta daidai tagata. Faɗan da muka yi a kan gorar nan ba ya ƙirguwa. In na taso da masifa sai ka ce, "Haba Sista, ai saƙon mutanenki ne nake dubawa." Kuku ma bai tsira ba, don kakan tare shi ka ce jiya wakensa bai dahu ba, gora ta gaya maka.

Ba ka taɓa tura fursuna cikin rami ba, alhali doka ba ta hana ka ba. In bututu ya toshe, kai ne za ka naɗe wando ka shiga, su miƙo maka kaya daga sama. In an gama ka raba musu sabulun da ka zo da shi daga gida. Ba ka kiran kowa da lamba. Akwai wani dattijo da ya yi shekara tara babu mai ziyartarsa, kai ne ka riƙa zama da shi a bakin famfo kuna hirar kiwon awaki har Allah ya kawo ranar sakinsa.

Ramin kuwa ya daɗe da gajiya. An gina shi don mutum ɗari da hamsin, mu kuma mun haura ɗari huɗu. Motar yashe sokawe da take zuwa sau biyu a shekara ta koma zuwa duk mako biyu. Bangon ramin ya tsage, ƙazanta ta fara dawowa cikin ɗakunan kwana. Da dabara ka riƙe shi shekara da shekaru: ka tsara wa kowane sashe lokacin kora ruwa, ka sa ragar waya a bakin kowane bututu don tare tsumma da leda, ka bi ɗaki-ɗaki kana roƙon mutane su daina cusa yagen bargo. Takardun koke da ka sa na rubuta maka zuwa hukuma sun isa cika kwali.

A bayan ɗakin jinya akwai wata ciyawa da take kore shar ko da tsakiyar rani. Ni ina sonta, don ita kaɗai ce abin kallo a gidan da babu komai sai siminti da ƙarfe. Na taɓa ce maka zan shuka furanni a wurin. Ka dube ni, babu wasa a fuskarka, ka ce, "Ranar da kika ga ta bushe, ranar za ki yi murna." Na ɗauka irin zolayarka ce. Daga ciyawar nan zuwa rijiyar burtsatse, wadda dukanmu muke sha, taku goma sha biyu ne.

Daminar bara amai da gudawa suka ɓarke. Mutum arba'in a kwance, gado takwas gare ni, biyu suka rasu a hannuna. Na ɗora laifin a kan kicin, na yi wa kuku tatas a gaban jama'a, har yau ina jin kunyarsa. Gwaji ya fito ya nuna rijiyar ce ta gurɓata. Sai a lokacin hukuma ta amince a gina sabon rami can nesa, gangaren bayan katanga, mu kuma muka koma shan ruwan tanka. Tun daga lokacin ka daina zolaya, ka fara ramewa. Ashe ciwo biyu ne suke cin ka, mu na jiki kaɗai muka sani.

Injiniyar da aka turo mace ce mai natsuwa, ta zo da tsohon zanen gidan. Zanen ya nuna bututu biyar, ta karkatar da biyar ɗin zuwa sabon rami. Ranar da za a cike tsohon da yashi, kana hutun jinya, sai ga ka a ƙofa, babbar 'yarka tana riƙe da kai. Ka tsaya gaban shugaban gida da injiniya da leburori, ka ce a dakata.

"Ranka ya daɗe, bututun shida ne."

Injiniya ta buɗe takarda ta ce, "Baba, biyar ne a nan."

"Na shidan ba ya kan takarda, 'yata. Ni na binne shi, ban gaya wa kowa ba."

Shekara ashirin da shida da suka wuce ɗakin jinya ba shi da makewayi. Majinyata da bokiti suke tsallaka fili, wasu su faɗi a hanya. Ka nemi izini aka yi ta ja maka rai, sai ka gina da kanka, ka ja bututu ta hanya mafi kusa, ta gefen rijiya. Da ciyawar ta fara tsiro ka yi zargi, amma tsoron kora da kunyar idon mutane suka rufe maka baki. Duk wannan ka faɗe shi a tsaye, 'yarka tana ji. Sannan ka karɓi gorarka, ka ƙirga taku daga bango, ka kafa ta a ƙasa. Ba a yi haƙan kamu biyu ba sai ga bututun, ya dare gida biyu. Da an cike ramin ba a sani ba, da duk abin da ya fito daga ɗakin jinya ƙasa zai riƙa shiga kai tsaye, mu koma shan rijiyar muna ganin an gyara.

Na yi fushi da kai, Baba, ba zan ɓoye ba. Mako guda ban je duba ka ba. Babban gandiroba ne ya zaunar da ni ya ba ni labarin zamanin bokiti, ya kuma ce da ka yi shiru da babu wanda zai taɓa sani, ka tafi da sunanka fes. Da na je asibitin da aka kwantar da kai, tambayarka ta farko a kan mutum biyun nan da suka rasu ce. Na ce bangon rami ma a tsage yake, babu mai iya rantsuwa ta ina cutar ta bi. Ka ce, "Allah dai ya sani, Sista. Ki taya ni roƙon gafara."

An toshe bututun nan na shida, an ja sabo, an wanke rijiya an zuba mata magani, aka yi ta gwaji. Litinin ɗin da ta gabaci rasuwarka sakamako na uku ya fito, ruwa lafiya lau. Na kai maka takardar, 'yarka ta karanta sau biyu. Ka ce ba takarda kake so ba. Na koma na ɗebo maka a kwalba daga rijiyar, uwargidanka ta ɗaga kanka, ka kurɓa sau uku, ka ce, "To, madalla." Ban taɓa ganin fuska ta saki irin haka ba. Ka yi barci, ka ƙara kwana biyu a duniya.

Jiya na zagaya bayan ɗakin jinya. Ciyawar ta bushe ƙarmas, Baba. Na tsaya ni kaɗai ina kuka ina murna, kamar yadda ka ce. Gorarka tana jingine a tagata, kuma na hana kowa ɗauke ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana wanke kayan aikin da kowa yake toshe wa hanci, da 'ya'yanka biyar da jikokinka, da ma'aikatan gidan nan, da fursunonin da suka roƙi a sa sunansu a cikin masu gaisuwa. Allah ya ba su haƙuri, ya albarkaci bayanka. Allah ya jiƙan mutum biyun nan da ka tafi da su a ranka. Allah ya yafe maka shirun da ka yi, ya karɓi maganar da ka faɗa, ya haskaka kabarinka. Mutum sama da ɗari huɗu sun sha ruwa mai tsabta yau da safe. Allah ya shayar da kai daga Alkausara. Amin.